Indararo Huɗu

Asabar, 9 ga Maris 1985

Na samu aiki. Bari in rubuta kada in manta ranar.

Kwananmu goma sha ɗaya a Yamai ni da Inna. Muna Harobanda, hayin gada, cikin wani fili da ba a gina ba, mun kafa tabarma biyu da kara. Mutane da yawa a wurin, duk irinmu, waɗanda gero ya ƙone masu. Yau da safe na ƙetara gada ina bin gidaje. A Kalley na ga ana fidda ƙasa daga wani tsohon gida, na tsaya ina kallo. Wani maso, wato magini, Isaka sunanshi, Bazabarme, ya dubi zanen fuskata ya ce, Bagobiri, yunwa ta koro mani bayina? Na yi dariya don wasa ne tsakaninmu da su, amma tun jiya ban ci komai ba. Ya ce mi na iya. Na ce Baba magini ne kafin ya rasu, na iya yaɓe, na iya baka. Ya ce to shigo ka ga hauka.

Soro ne babba na ƙasa. Baka shida sun taso daga bango sun haɗu a sama, da tasa manne a tsakiya. Ko a Tibiri ban ga irinshi ba. Na daɗe kaina a sama har Isaka ya ce ƙuda zai shiga bakina.

Talata, 12 ga Maris

Na ga mai gidan. Mace ce, Madam Haoua. Kakanta ya gina shi, mutumin Damagaram, a cikin soron nan anka haife ta. Mijinta Moussa yana aiki a buro, wato ofis, shi so yake a rushe a yi gidan siminti irin na kowa, ita ta ƙi. Isaka ya ba ni wanga labari.

Tana da wani littafi mai hotuna, na ɗakunan turawa. Ta buɗe mani, ta nuna littafin, ta nuna soron, ta ce so take su haɗu. A bar bakan yadda suke. Ƙasa a shimfiɗa karo, wato falankin nan masu santsi. A faɗaɗa taga a sa gilashi. A ja wuta a cikin bango yadda ba za a ga igiya ba. Ban gane duka ba. In mutum na da abin sayen sabo mi zai yi da tsoho? Ban tambaya ba.

Ta ce, Halidu, kai ne na ƙasa, Isaka na siminti. Kada kowa ya taɓa bakan nan in ba kai ba.

Tun da Baba ya rasu ba wanda ya ce mani kai ne na wani abu.

Jumma'a, 22 ga Maris

An zo da kamiyo biyu, manyan motocin kaya, filinmu bayan na fita. Sojoji. Sun kwashe na gefen hanya duka, wai za a maida kowa garinshi. Inna ta ɓoye bayan turmin wata mata 'yar unguwa tana daka, kamar a gidan take aiki. Maƙwabcinmu mai tari an tafi da shi, tukunyarshi tana nan bisa murhu.

A maida mu ina? Rijiya ta ƙafe, rumbu babu ko ƙwara, mun ci iri tun bara.

Na gaya wa Isaka. Ya ce wanda ke da takardar aiki ba a ɗaukar shi, shi da iyalinshi. Ya ce in ya ga hankalina zai sa maigida Moussa ya rubuto mani daga buro. Kuma akwai magaza, ɗakin aje kaya, a bayan gida, in anka gama aiki za su so mai gadi, Inna ta zauna a ciki. Ya ce amma Bagobiri da hankali, sai an gani. Ya raba mani garin rogonshi.

Takarda da ɗaki. Abin da nake nema ke nan, ba wani abu ba.

Laraba, 3 ga Afrilu

Na kankare tsohon yaɓen ciki. Azara lafiya lau, gara ba ta taɓa ba. Na cuɗa ƙasa da ƙaiƙayi na bar ta kwana uku kamar yadda Baba ke yi. Isaka ya ce mutane na neman abin ci ni ina jiƙa wa ƙasa tuwo.

A ƙarƙashin farar ƙasa na tarar da zane, an rufe shi da shafe bisa shafe. Na bi shi da wuƙa a hankali har ya fito. Madam ta zo da la'asar ta gani, ta sa yatsa tana bi, ta ce tana ƙarama tana kwance tana kallonshi. Daga baya ta aiko mani da shinkafa, na kai wa Inna.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Zafi. Ba aiki. Inna ba ta faɗi ba amma ƙafarta ta kumbura.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Yau abin ya dame ni.

Soron yana da indararo huɗu, biyu wajen titi, biyu wajen tsakar gida, dogaye, na icce. Maigida Moussa ya zo ya tsaya a titi, hannu cikin aljihu. Ya ce ciki ya bar wa matarshi ta yi abin da take so, amma waje nashi ne. Za a shafe da siminti a yi fenti fari, kuma waɗannan abubuwa da sunka fito kamar ƙahon sa a cire su, na ƙauye ne, suna ɓata bango da laka. Isaka ya ce ba wuya. A toshe, a malala siminti bisa rufin, a sa tiyo guda a cikin bango ya sauko da ruwa ba wanda ya gani.

Na ga tiyon. Hannuna ba ya shiga.

Da maigida ya tafi na ce, Baba Isaka, rufin ƙasa ba ya son siminti. Rana za ta fasa shi, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa ta fita. Kuma tiyo guda ba ya ɗauke ruwan soron nan. Wanda ya sa huɗu ba don ado ya sa ba.

Ya ce ruwa? Wane ruwa? Ya nuna sama. Ya ce shekara nawa rabonka da ganin ruwan da ya cika ƙwarya? Leburori sunka yi dariya. Ya ce in kana da ruwa a aljihu ka kai wa gonarku.

Daga baya da babu kowa ya kira ni gefe. Ba wasa a fuskarshi. Ya ce mutumin nan da ƙyar ya yarda anka bar soron, abin da ya ce shi za a yi. Ya ce shi ma 'ya'ya bakwai gare shi a Goudel. In na kai magana wurin Madam ta zama rigima tsakaninta da mijinta, wa za a kora? Ba shi ba, ba ita ba. Ya ce ka tuna wa zai rubuta takarda.

Asabar, 27 ga Afrilu

Ni na cire su. Ni na toshe. Isaka ya ce aikin ƙasa nawa ne.

Iccen ƙirya ne, nauyi kamar ƙarfe. Mai tuyar ƙosai ta bakin titi ta roƙa, an ba ta.

Litinin, 13 ga Mayu

Ciki ya fara fitowa. Ni kaina na tsaya. Bakan sun sha farar ƙasa, zanen na bar shi ja da makuba, ƙasa karo mai launin tukunya. Alkukin da ake aje fitilar mai a bango, Madam ta sa an saka ƙwan lantarki a ciki, ba ka ganin ƙwan sai haske. Tagar gilashi ta sa rana na faɗowa bisa zanen da hantsi. Wani ya ce a cire tasar tsakiya a rataya fanka, ta ce a'a, ta sa an kawo mai tsayawa a ƙasa.

To na fara gane abin da take nufi. Ba na turawa ba ne, ba na kakanta ba ne. Wani abu ne dabam. Mutum ya shiga sai ya rage murya.

Abu ɗaya ban gane ba. Ta sawo akushi da ƙore masu zane da ludayi, ta ce in kafa ƙusa in rataya su a bango. Na san inda anka samo su, a bakin gada ake sayarwa, matan filinmu ne ke kaiwa. Wani akushin har da sauran maiƙo a gindi. Na ce Madam, ba za a ci abinci a ciki ba? Ta yi murmushi ta ce don kallo ne. Na rataya. Akushi a bango, bakinshi na kallon mutane, ba komai ciki.

Ban gaya wa Inna ba. Nata ta sayar tun makon da munka zo.

Laraba, 29 ga Mayu

Azumi tara. Ga mu dai, mu da azumi tun kafin wata ya tsaya.

Na hau rufi in ɗauko igiya. Simintin ya tsage. Tsaga uku, ɗaya tsinke na shiga har rabi. Na ɗebo ƙasa na cusa, na san banza ne.

Madam ta zo da baƙi, mata biyu da wani bature, tana nuna masu. Ta kira ni ta ce ga wanda ya yi. Ta tambaye ni, Halidu, akwai abin da ya rage? Bakina ya buɗe. Na ce Madam, rufin. Ta ce rufin mi? Isaka na tsaye a bakin ƙofa yana goge cokalin gini. Na ce rufin ya yi kyau.

Ta juya da faransanci sunka yi dariya, ban san ta mi ba.

Lahadi, 16 ga Yuni

Kogi ya tsaya. Da idona. Ƙarƙashin gada yashi ne da 'yan tabkuna, mutane na ƙetarawa da ƙafa, wani har da jaki. Tsofaffi na cewa ba su taɓa gani ba. An yi roƙon ruwa.

Na je roƙon. Na ɗaga hannu tare da kowa. Allah ya gafarta mani, ban san abin da zuciyata ke roƙo ba. Ina son ruwa, wa ba ya so. Amma ina cewa a raina ya zo kaɗan kaɗan. Ko ya sauka can gida ya bar Kalley.

Wane irin mutum ne ke roƙon haka.

Alhamis, 27 ga Yuni

An sake zuwa da kamiyo. Inna na wurin ɗibar ruwa, shi ya cece ta. Sun tattake tabarmarmu.

Na tambayi Isaka takarda. Ya ce bayan walimar buɗe gida, ranar sha huɗu ga wata mai zuwa. Ya ce maigida ya ji daɗin bangon waje ƙwarai, ya ce ko a Plateau, unguwar manya, sai haka. Ka yi haƙuri Bagobiri, saura kaɗan.

An kawo kujeru masu katifa da tebur na gilashi. An shimfiɗa farar tabarma a ƙarƙashi. Ni kaɗai Madam ta yarda in share.

Talata, 9 ga Yuli

Ruwa.

Bayan azahar gabas ta yi baƙi. Iska ta fara zuwa da yashi da ganye, kamar rabin sa'a, sannan ya sauko. Ba irin yayyafin da anka yi sau biyu ba. Ruwa na gaske. Titi ya cika, yara tsirara suna gudu, mai ƙosai ta bar kaskonta tana guɗa. Leburori sun fita sun tsaya a ciki. Ni ma na fita. Ya taɓa fuskata na ji kamar in yi kuka, na tuna gonarmu ta bayan tudu.

Sai na dubi bakin tiyon. Ɗiso yake. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, shi yana ɗiso.

Na sa tsani na hau. Rufin ya zama tabki, har ƙwaurina. Yashi da ganyen dogon yaro sun cushe tiyon. Na sa hannu, na sa kara, na sa ƙarfe, ba ya tafiya, toshewar tana can cikin bango inda ba a kaiwa. Wajen tsagar ruwan na yin 'yan ƙwai, yana shiga.

Na sauko na ɗauki diga. Na san inda indararon suke, ni na toshe su. Sara huɗu ne kawai, ruwan ya zube. Amma zai zubo da laka bisa farin bangon nan, ya ɓalle simintin, kwana biyar kafin walima.

Isaka ya riƙe ƙotar. Ya ce ba wanda zai fasa bangon maigida ba da izninshi ba. Na ce to a kira shi. Ya ce yana buro, wa zai shiga buro da laka a ƙafa. Na ce Madam fa. Ya ce ta tafi Dosso gaisuwa, sai gobe. Ya ce zai tsanye, rana za ta fito. In ka sara, da hannunka ka sara, ni ban gan ka ba, ban san ka ba. Sannan ya saki ƙotar.

Ya saki. Wanga shi nake ta juyawa. Ba wanda ya riƙe ni. Diga na hannuna, tsani na nan.

Na tsaya har ruwan ya ɗauke. Na jingine ta.

Kafin magariba na kwashe da bokiti abin da na iya. Na shiga ciki na duba. Farar ƙasar ta yi duhu wajen baka biyu na gabas, kamar zufa a riga.

Laraba, 10 ga Yuli

Ya sake saukowa da safe.

Wajen hantsi na ji ƙasa na zubowa bisa teburin gilashi, kaɗan kaɗan, kamar ana yayyafa gero. Na ce kowa ya fita. Mun ja kujeru biyu waje. Ban koma ɗauko ta uku ba.

Ba ƙara mai yawa. Wani irin nishi, sai gabas duka ta zauna. Baka uku sun tafi, uku na tsaye suna riƙe da sama. Ba wanda ya ji ciwo. Alhamdulillahi ba wanda ya ji ciwo.

Ba zan iya rubuta sauran ba yau.

Jumma'a, 12 ga Yuli

Madam ta dawo jiya. Ta shiga da takalminta cikin lakar, ta tsaya inda zanen yake a da. Ta daɗe. Maigida Moussa na bayanta, bai yi faɗa ba, ya ce dama ya faɗa, ƙasa ƙasa ce, Allah ya sa ba ranar walima ba da mutane cike. Isaka ya ce haka ne.

Ba ta dube su ba. Ni ta kira. Ta ce Halidu, kai ka san ƙasa. Shekara sittin yana tsaye, ya ga ruwan da ya fi wanga. Gaya mani gaskiya, mi ya kada shi? Ni ce da na faɗaɗa taga?

Isaka bai ko ɗago kai ba. Maigida na kallona, ba da mugunta ba, jira kawai yake.

Na ce ba taga ba ce Madam. Na ce tsufa ne. Na ce azarar ta gaji daga ciki, ba a gani sai ta tafi.

Ta gyaɗa kai. Ta ce to. Ta ce na gode, ka yi iya ƙoƙarinka, kada ka sa a ranka.

Da ta zage ni da ya fi.

Talata, 16 ga Yuli

Za a rushe sauran. Gidan bulo, da rufin kwano. Isaka ya ce aikin shekara guda ne, yana so na. An kawo takarda yau, da hatimi, da sunana, da na Inna a ƙasa.

Na ɗauko ta daga Harobanda. Kogi ya fara dawowa, jajur. Magazar na da ƙofa mai kuba. Ta zauna bisa buhun siminti tana shafa bangon, ta ce sanyi gare shi.

Litinin, 29 ga Yuli

Mutanen filinmu da yawa sun tafi da kansu, an ce ana raba iri a gida. Inna ta ce ko za mu bi, ko wake ne a shuka. Na ce lokaci ya wuce. Bai wuce sosai ba. Na ce baɗi.

Baka ukun da sunka rage sun ba mu wuya. Kwana huɗu mutum biyar da diga. Azarar da munka zaro wani lebura ya sa gatari ya gwada, gatarin ya dawo. Ya ce kai, wanga icce ai sabo ne. Na ce mashi ya yi aikinshi. Na sa an loda su a amalanke kafin Madam ta zo. Ba ta zo ba ma. Ba ta zuwa yanzu, littafin hotunan yana nan cikin magaza inda ta bar shi.

Wani mutum ya tsaya a titi jiya yana kallo, ya ce yana da tsohon soro a Gamkalle, ko ya gyara ko ya rushe. Isaka ya nuna ni ya ce tambayi Bagobirina, shi ne malamin ƙasa. Na ce mashi ginin ƙasa ba ya ƙarko. Haka kawai ya fito, ban yi tunani ba.

Yau Isaka ya ba ni cokali da igiya ya ce in ja layin bulo na farko, wajen gabas. Ya zo ya aza ma'auni, ya duba, ya sake dubawa. Ya ce fofo, sannu ke nan da Zabarmanci. Bai yi mani wasa ba.

Layin ya miƙe sosai. Na koma na dube shi sau biyu bayan an tashi.